Detroit Locker a aksil ɗin motar soja M35: abin da yake ƙarawa da abin da yake karyawa

Wanda duk ya sayi tsohuwar motar sojan Amurka M35 a gwanjo, abin da ke fara ba shi mamaki shi ne yadda mota mai aksil uku, kowanne yana ja, take kafewa a ɗan taɓon da bai taka kara ya karya ba. Injin na ruri, taya uku na juyawa a banza, sauran kuma suna zaune a kan busasshiyar ƙasa ba su ko motsi. Ba lalacewa motar ta yi ba, haka ta fito daga masana'anta. Difarenshal ɗin da ke cikin kowane aksil buɗaɗɗe ne, yana raba ƙarfin murɗawa daidai wa daida tsakanin tayar hagu da ta dama. Idan ɗaya ta rasa abin kamawa, ɗan ƙarfin da ta iya karɓa shi kaɗai ne 'yar'uwarta za ta samu. Maganin da masu irin wannan mota suka fi saye shi ne Detroit Locker, makullin difarenshal na kamfanin Eaton, mai lamba 225S-15, kuma shi za mu duba a nan: yadda yake, yadda ake sa shi, da inda yake ba da matsala.

Kafin a yi maganar makullin, dole a san aksil ɗin. Kamfanin REO ne ya zana M35 a 1949, aka fara ƙera ta a 1950, daga baya Kaiser Jeep da AM General suka ci gaba. Wadda ta fi yawa a hannun farar hula ita ce M35A2, mai injin LDT-465 da ke shan mai iri-iri, nauyinta ba kaya wajen kilo 5,900. Aksil ɗinta na Rockwell ne, mai rage gudu a mataki biyu, jimillar ragin 6.72 zuwa 1. Farfela tana shiga ne ta sama. Giya ta farko tana karkatar da juyin, sannan wata ƙaramar giya mai karkatattun haƙora ta juya babbar giyar da ke ƙasa, wadda kwanson difarenshal ke manne da ita. Duk wannan yana cikin dunƙulen ƙarfe guda da ake ɗagowa ta sama, wanda za mu riƙa kira kan aksil. Shaft ɗin da ke fita zuwa taya kaurinsa inci 1.62 ne, wato kusan milimita 41, mai tsagi 16. A riƙe wannan adadin, don can gaba shi ne zai zama abin magana.

Akwai wani abu kuma da masu saye da yawa ba su lura da shi. Tsakanin aksil biyu na baya babu difarenshal. Gajeriyar farfela ce ta haɗa su kai tsaye, duk juyin da ɗaya ya yi sai ɗayan ya yi. Idan aka haɗa aksil na gaba ma, aksil ukun suna juyawa tare. Saboda haka motar ba ta kafewa sai ɓangare ɗaya na kowane aksil ya sulɓe, wato wuri uku cikin shida. Hakan ba wuya ba ne: gefe guda ya faɗa laka, ko motar ta karkace a kan kwari har nauyi ya bar tayoyin da ke kusurwa da kusurwa. Makulli ɗaya a baya yana mayar da lissafin zuwa huɗu, biyu su mayar da shi biyar, uku kuwa sai duk shidan sun sulɓe.

Abin da ke cikin kwali

Ba sabon abu ba ne. Ray Thornton ne ya ƙirƙiro shi, aka yi masa rajista a 1941 da sunan NoSPIN, kuma har yau da wannan sunan ake sayar da na manyan motoci. Eaton ya gaje shi ne lokacin da ya sayi kamfanin Tractech a 2005. Na Rockwell ɗin nan ba ya zuwa da kwanso, cikin tsohon kwanson motar ake zuba shi. A kwalin za ka tarar da gicciyayyen ƙarfe na tsakiya mai haƙora ta fuska biyu, faifan kuloci biyu masu haƙoran da ke shiga nasa, sifirin biyu masu ƙarfi da abin riƙe su, da giyoyin gefe biyu masu tsagi 16. An haɗa su duka an matse da wani dogon noti mai wosha da ya ratsa tsakiya. Kada ka kwance wannan notin don ka leƙa ciki. Sifirin ɗin a matse suke, za su watsar da kayan, kuma mayar da su da hannu wahala ce da ba ta da dalili.

Aikinsa a taƙaice: muddin motar na tafiya miƙe, haƙoran ɓangaren biyu a kulle suke, tayar hagu da ta dama suna juyi ɗaya, ko da ɗaya na reto a iska. A kwana, tayar waje tana bukatar ta fi ta ciki gudu, sai ƙasa ta ja ta gaba, kulocinta ya hau kan wasu 'yan tudu da ke tsakiya ya saki, ta yi ta gudunta kamar tayar keke idan mahayi ya daina taka feda. Da gudunsu ya daidaita, sifirin ya mayar da haƙoran su kama. Ka'idar ita ce taya tana iya fin difarenshal gudu, amma ba ta iya gaza shi. Babu waya, babu tiyon iska, babu maɓalli, babu faifan gogayya da zai cinye, kuma ba ya bukatar wani mai na musamman. A nan darajarsa take. Ƙarfen kansa mai kyau ne, kuma a yawancin lokuta idan wani abu ya karye a aksil mai wannan makulli, ba shi ne ya karye ba.

Yadda ake sa shi a aksil na baya

Sa makullin cikin kwanso aiki ne na awa ɗaya ko biyu. Fito da kan aksil daga ƙarƙashin mota da mayar da shi ne ke cin yini. A tanadi sarƙar ɗaga injin ko ƙaramin kuren gareji, sufana mai auna ƙarfin ɗauri, wayar ɗaure noti, sabon gasket na kan aksil da na bakin shaft, da man giya 80W-90 wajen lita 5.7 ga kowane aksil. A kuma samu littafin gyaran motar na soja, TM 9-2320-361-34, domin a cikinsa adadin ƙarfin ɗaure kowane noti yake, kuma wannan ba wurin kintace ba ne.

A ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri, a sa wa tayoyin gaba waigi gaba da baya. Wannan ba ƙa'idar banza ba ce: birkin hannu na M35 yana bayan akwatin raba ƙarfi ne, wato akwatin giyar da ke raba ƙarfin injin tsakanin gaba da baya, farfela yake riƙewa, don haka da zarar an cire farfela ko shaft, babu abin da ke riƙe da motar. A tsiyaye mai a duba shi. Ɗan ƙyalƙyalin garin ƙarfe ba komai ba ne, amma gutsattsari na nufin akwai boris ko haƙori da ya fara mutuwa, kuma sai an gano shi kafin a ci gaba. A kwance farfela. A aksil na can baya guda ɗaya ce, a na tsakiya biyu ne.

Shaft na baya ba ya ɗaukar nauyin mota, saboda haka ba sai an cire taya ba. A kwance notuna takwas da ke bakin hob, a zaro shaft ɗin gaba ɗaya. A duba tsaginsa a haske. Idan layukan sun fara karkacewa kusa da ƙarshe, shaft ɗin ya riga ya murɗe, kuma makulli zai ƙarasa shi a fita ta farko. A canza shi tun yanzu. Daga nan sai a kwance sandar riƙe aksil ta sama da duk abin da ya tare hanya, a kwance notunan da suka zagaye kan aksil, a ɗaure shi da sarƙa a ɗago shi a miƙe. Yana da nauyin da bai kamata mutum ya gwada da ƙashin bayansa ba, kuma sararin da ke tsakaninsa da bodi kaɗan ne. Masu wurin aiki sukan ɗage bodin baya gaba ɗaya, kuma ga wanda zai yi aksil biyu, hakan ya fi sauri.

A kife kan aksil a kan benci, babbar giya na sama. Kafin a taɓa komai, a buga alama da ƙusa da guduma a kan murafen boris biyu da mazauninsu, hagu daban dama daban, a kuma yi alamar inda zoben saiti na kowane gefe ya tsaya. An gyara ramin kowane murfi ne tare da mazauninsa a masana'anta. Idan aka musanya su ko aka juya ɗaya, zaren zoben ba zai hau ba, ko ya hau a karkace ya matse boris. A yanke wayar notuna, a cire murafen, a ɗago difarenshal, a ajiye kowane kofin boris tare da nasa.

Kwanson rabi biyu ne, notunan da suka ratsa shi su ne suke riƙe da babbar giya. A yi alamar da ta ratsa rabin biyu da giyar, sannan a raba. A fitar da komai na ciki: gicciyayyen ƙarfe, ƙananan giyoyi huɗu, giyoyin gefe biyu, da duk wosha ɗin da ke bayansu. A nan ake yin kuskuren da ya fi yawa. Wosha ɗin bayan giyar gefe takan manne da kwanso saboda tsohon mai, har ta yi kama da jikinsa. Idan aka bar ta, tana cinye sararin da kuloci ke bukata don ya saki, sai a gama aiki a tarar aksil ya zama sanda guda, ba ya sakewa a kowace kwana. A sa farce ko bakin sukuddireba a tabbata babu ita. A wanke kwanson, a shafa cikinsa da yatsa, duk inda ƙarfe ya yi kaifi ko ya tashi a goge shi.

Sai a shafa wa makullin man giya, a zaunar da shi a rabin kwanso da dogon notinsa a jiki, ƙafafun gicciyen huɗu su kwanta a guraben da tsohon ya bari. A ɗora giya da ɗaya rabin bisa alama, a tabbata sun haɗe ba tare da an tilasta su da noti ba. A ɗaure notunan a gicciye, kaɗan-kaɗan, har a kai adadin littafi, a mayar da waya. Bayan haka ne kawai za a kwance dogon notin nan da wosha ɗinsa a fitar da su ta ramin shaft. Wanda ya manta da shi zai gane ne bayan ya mayar da kan aksil cikin mota, lokacin da shaft ya ƙi shiga.

Abin da ya sa wannan aksil ya fi na ƙananan motoci sauƙi shi ne ba a taɓa giyar farko ba ko kaɗan, saboda haka babu saitin zurfin haƙori, babu shafa fenti ana duba tambari. Babbar giya da ƙaramarta suna haɗuwa ne gefe da gefe, tazararsu a jikin ƙarfen take. Abu biyu kawai ake nema daga zoben saiti: babbar giya ta zauna daidai tsakiyar ƙaramar, kuma boris ya matsu gwargwadon abin da littafi ya ce. Idan tsohon boris aka mayar, alamar da aka yi tun farko za ta kai ka kusa. Idan sabo ne, a yi saitin daga tushe. Boris mai sako-sako yana barin kwanso ya yi rawa, mai matsewa fiye da kima kuma yana zafi ya ƙone.

A kankare tsohon gasket, a share cikin gidan aksil da tsumma, a mayar da komai. Wajen zuba mai, a tsaya kimanin rabin inci ƙasa da bakin ramin cikawa idan aksil ɗin da sanyi. A kuma kwance ɗan bututun numfashi da ke saman aksil a wanke shi. Idan ya toshe, zafi yana tura mai ta sil har ya jiƙa takalman birki, sai a ɗora wa makulli laifin da ba nasa ba.

Gwaji kafin taya ta taɓa hanya

Mutum biyu ake bukata. A ɗaga tayoyin aksil ɗin duka daga ƙasa, a hana farfela juyawa. A juya tayoyin biyu gaba har su tsaya. Ɗaya ya danne tasa a nan da ƙarfi, ɗayan ya juya tasa baya. Ya kamata ta saki ta yi ta juyawa, wani lokaci da ɗan ƙaras-ƙaras. Ya tsaya, ya mayar da ita gaba, ya kamata ta kama. A maimaita ta baya, sannan a musanya gefe, gwaji huɗu ke nan. Idan ko ɗaya ya ƙi sakewa ko ya ƙi kamawa, a sake buɗewa. Tuƙi ba ya gyara wannan.

Halinsa a kan hanya

A laka, yashi, ciyawa mai santsi da hawan kwari, bambancin a fili yake, kuma riba mafi girma ita ce direba ya daina shiga wuri da gudu. Wurin da a da sai an taho a guje, yanzu ana bin sa a giya ta ɗaya ko ta biyu a hankali, abin da ke ceton sifirin, bodi da kayan da aka ɗauko.

A kwalta kuma akwai abin da za a saba da shi. Haƙoran makullin suna da sarari a tsakaninsu da gangan, don haka idan aka saki totur aka sake takawa za a ji ƙwal a ƙasa. Lokaci-lokaci a tsakiyar kwana za a ji ƙara mai ƙarfi sau ɗaya, lokacin da haƙoran da suka tsaya baki da baki suka faɗa gurbinsu. Ba karyewa ba ce. Da yake motar doguwa ce mai nauyi, fizgar da masu ƙananan jif ke kuka da ita ba ta kai haka a nan ba. Abin da ya fi damuwa shi ne juyi. Idan ana kan totur a kwana, tayar ciki ce kaɗai ke ja, ita kuma tana tura hancin motar waje. M35A2 dama sitiyarinta na ƙarfin damtse ne, kuma aksil biyun baya dama suna son tafiya miƙe. Dabarar ita ce a rage gudu kafin kwana, a bi ta da totur kaɗan ba tare da ana takawa ana saki ba.

Haɗarin gaske yana kan santsi mai gangare zuwa gefe, ko ƙanƙara, ko kwaltar da ruwan farko ya jiƙa. Buɗaɗɗen difarenshal yana barin taya ɗaya ta sulɓe, ɗayar kuma ta riƙe motar a layi. Makulli yana sulɓar da su tare, sai bayan motar ya zame ƙasa. Babu kaya a bodi abin ya fi muni, domin nauyin da ke kan tayoyi takwas na baya kaɗan ne. Wanda zai yi yawancin tuƙinsa a hunturun jihohin arewacin Amurka ko Kanada ya yi tunani sau biyu.

Sai maganar taya, wadda ita ce ke bayan yawancin ƙorafin da ake yi da wannan makulli. Idan tayoyin hagu sun fi na dama girma, ko da kaɗan ne, makullin yana ɗauka kullum a kwana ake. Babban gefen ne zai riƙa ja shi kaɗai, motar ta riƙa fizga gefe idan an taka totur, shaft guda ya ɗauki dukan wahala. A auna kewayen kowace taya da tef bayan an ba ta iska daidai, kada a dogara da rubutun 9.00-20 da ke jikinta, domin tayoyin gwanjo kowace da irin cinyewarta. Kada bambancin kewaye ya wuce kashi uku cikin huɗu na inci, wato milimita 19. Wanda ba shi da halin daidaita tayoyinsa takwas, ya fara kashe kuɗin a can tukuna.

Ɗaya, biyu, ko uku

Makulli ɗaya a baya shi ne ke ba da mafi yawan riba a kan kuɗinsa. Kanikawa sun rabu kan ko na tsakiya ko na can baya ya fi, amma bambancin jan bai kai na wahalar aiki ba, kuma na can baya ya fi sauƙin isa. Sai dai akwai abin da ya kamata a sani. A kwana, aksil mai buɗaɗɗen difarenshal yana juyawa ne da matsakaicin gudun tayoyinsa, shi kuwa mai makulli yana son gudun tayar ciki, ga shi farfela ta ɗaure su tare. Saɓanin yana fita ne ta tayar ciki ta aksil mai makulli, wadda za ta riƙa gurzar kwalta. Idan duka biyun suna da makulli bakinsu ya zo ɗaya, amma turin hanci waje yana ƙaruwa, kuma babu sauran tayar da za ta riƙe baya a kan santsi. Motar gona, ta jan itace ko ta daji, biyu sun dace da ita. Motar da rabin rayuwarta a titi take, ɗaya ya isa.

A gaba kuwa ba mu ba da shawarar Detroit Locker, sai da sharaɗi biyu. Na farko, akwatin raba ƙarfi ya zama mai haɗa aksil na gaba da iska, wanda direba ke kunnawa da kashewa. Tsohon samfurin mai kama kansa yana tura ƙarfi gaba ne da zarar baya ta sulɓe, ba tare da ya yi shawara da kowa ba, kuma makulli a gaba da ya kama ba zato a tsakiyar kwana yana iya ƙwace sitiyari daga hannu. Na biyu, a sa hob mai sakewa a maimakon murfin da aka ɗaure shaft da shi daga masana'anta, don a raba tayoyin gaba da aksil idan an hau titi. Aikin gaba ma ya fi yawa: sai an cire taya, hob, gangar birki da sandar da hob ke juyawa a kai kafin shaft ya fito, ga kuma kaskon man injin da ke zaune saman kan aksil. Wanda ya kai nan ya tuna notunan tayar gefen hagu zarensu na hagu ne, ta dama ake kwance su. Ya kuma duba irin gaɓar da ke shaft ɗinsa. Iri uku aka yi amfani da su: Bendix da Rzeppa masu ƙwallaye, da mai gicciye irin na farfela. Mai gicciyen ne ya fi jure makulli.

Abin da ke karyewa

Lissafin a sarari yake. Injin yana ba da ƙarfin murɗawa wajen 447 Nm. Giya ta ɗaya 6.00 ce, ƙaramar giyar akwatin raba ƙarfi 1.98, aksil 6.72. Idan aka ninka su, ragin ya kusa 80, wato sama da 35,000 Nm a tayoyi kafin a cire asarar gogayya. Da buɗaɗɗen difarenshal wannan ƙarfi ba ya taruwa wuri ɗaya, domin taya mai sulɓi tana zubar da shi. Da makulli, idan ɓangare ɗaya ne kawai ya sami abin kamawa, mafi yawansa yana iya bi ta shaft guda mai kaurin milimita 41. A tayoyin asali da ƙafa mai hankali, shaft ɗin yana jurewa. Yana karyewa ne idan aka haɗa abu uku: manyan tayoyi irin 395/85R20 ko fiye, kaya mai nauyi, da taya mai juyawa a guje da ta faɗo kan dutse ko busasshiyar ƙasa ta kama nan take. Idan motar ta fara tsalle a wuri ɗaya, a ɗaga ƙafa.

Karyewar shaft kuma ba ta tsayawa nan. Fizgar da ke biyo baya tana iya fasa haƙoran kulocin makullin, gutsattsarin kuma su bi mai su shiga boris da giya. Bayan kowace karaya sai an fito da kan aksil an duba, ba zura sabon shaft kawai ba. Masu manyan tayoyi sosai sukan koma shaft mai kaurin inci 2 da tsagi 47 na kamfanin Ouverson, amma wannan yana bukatar makulli da bakin hob masu tsagi 47 su ma, 225S-15 ba zai shiga ba. Gara a yanke wannan shawarar kafin a saya.

Sauran zaɓi

Yukon na yin Grizzly Locker na wannan aksil, kuma ƙa'idar aikinsa da halinsa a hanya iri ɗaya ne da na Detroit, don haka duk abin da aka faɗa a sama ya shafe shi. Wanda ya bambanta da gaske shi ne Air Locker na kamfanin ARB na Ostireliya, lamba RD145. Shi buɗaɗɗe ne har sai direba ya ba shi iska, sannan ya kulle gaba ɗaya. A titi motar tana nan yadda take, kuma shi ne amsar da ta dace da aksil na gaba. Kuɗinsa ya fi na Detroit nesa, aikinsa ma ya fi: ana canza kwanson gaba ɗaya, a danna boris, a huda kan aksil a yi masa zare don bututun iska. Motar tana da kwamfuresarta, wannan sauƙi ne, amma birkinta da wannan iskar ya dogara, saboda haka a ɗebo iskar ta bayan bawul mai kare matsi, don kada tiyon da ya tsinke a daji ya zubar da tankin birki. Wutar motar kuma bolt 24 ce, sai a nemi bawul na lantarki da ya dace da ita ko a sa na hannu. Idan zoben robar da ke ciki ya yage wajen sawa, iska za ta riƙa fita ta bututun numfashi tana turo mai. Kuma ba a kunna shi taya na cikin juyawa a banza.

Akwai kuma masu walda ƙananan giyoyin su mayar da aksil sanda guda. Kuɗin waya ne kawai, kuma a motar da ba ta barin laka yana aiki. A mota mai nauyin tan shida da ke hawa kwalta, kowace kwana sai shaft ya murɗe har taya ta gurza, kuma waldar da aka yi a kan ƙarfen da aka ƙone ya yi tauri takan tsage ta zubo cikin giya.

Masu motocin soja masu ɗaukar kayan tan biyar, M54, M809 da M939, su lura cewa aksil ɗinsu ya yi kama da wannan a ido amma ya fi girma, raginsa 6.44 ne, kuma makullinsa daban ne. Tsarin aikin kusan ɗaya ne, nauyin kan aksil ne ya ƙaru sosai.

Ga M35 mai tayoyin asali ko waɗanda suka ɗan fi su, da ke aiki a gona, daji ko hanyar da ba kwalta, Detroit Locker ɗaya a aksil na can baya ya cancanci kuɗinsa, kuma shi za mu fara saye kafin kowane. A ƙara na biyu idan motar ba ta cika hawa titi ba. Gaba a bar wa ARB, ko a bar shi a buɗe. Bayan sawa, a sake duba notunan bakin shaft da na farfela bayan tafiyar farko, a taɓa kan aksil da hannu a kwatanta zafinsa da na maƙwabcinsa, sannan a ajiye shaft ɗaya na baya da gasket ɗinsa a akwatin kayan aiki.